Hamar huda dutse da aka ce famfonta ya mutu: yadda aikin ya kasance a wata kariyar kudancin Maradi

Wannan bayanin wani aiki ne da ya shigo hannuna cikin bazarar da ta wuce, na ga gara in baje shi dalla-dalla don masu kariyar dutse, wato wurin da ake fasa dutse a fitar da tsakuwa, da ƴan uwana makanikai, saboda irinshi na yawan faruwa kuma kusan kullum sai an kashe kuɗɗi inda ba nan ciwon yake ba. Injin huda dutse ne mai tafiya bisa sarƙa, wanda hamarshi ke bugu daga sama da ƙarfin man haidurolik, ba irin na masu foraji ba da hamar ke sauka cikin rami tana aiki da iskar kwamfuresa. Tsoho ne, an sayo shi na hannu daga Turai, hamar irin mai ƙarfin kilowat 18 ce, yana aiki da sandar huda irin wadda ake kira T45 yana huda ramin milimita 76 na zuba nakiya.

Wanda ya san Maradi ya san ƙasarmu yashi ce da marmara, dutse mai tauri sai ka yi kudu wajen Madarunfa da Ɗan Isa har zuwa bakin iyaka ta Jibiya, can ne tsohon dutse ya leƙo sama. To daga can ake samun tsakuwar kankare da ta kwalta, kuma in injin huda ya tsaya komai ya tsaya, ba rami ba nakiya, ba nakiya injin niƙa ba ya da abin ci, kamiyoyi su yi layi direbobi na kwance ƙarƙashin mota. Shi ya sa in ka je irin wurin nan za ka tarar kowa a ƙagauce yake, kuma cikin ƙagauta ake yanke shawarar da ke cin miliyoyi.

Abin da Alhaji mai injin ya gaya mini a waya shi ne wai famfon mai ya mutu, har ya sa an tambayo mashi kuɗin sabo a Kano, ni dai in zo in ɗaura kawai. Na ce Alhaji wa ya auna famfon? Ya ce wani makanike ya duba ya ce shi ne. Na ce a dakata da sayen tukuna.

Da na isa sai na fara da direban injin, don shi ke kwana da tashi da shi, kuma abin da zai gaya maka cikin minti 10 ya fi abin da za ka gano da kanka cikin yini. Ya ce maigida, tun ƙarshen hunturu na ga tafiyar ta ragu, sandar da nake cinyewa nan da nan yanzu sai na yi ta jira, ga ƙarar hamar ta canza ta koma gwaf-gwaf, tiyon mai na bugu kuwa rawa yake kamar macijin da aka taka wa wutsiya har ya cinye bakin maɗaurinshi, da rana ta take mai ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu bisa tanki, sannan ƙotar hama, wato guntun ƙarfen nan da fisto (ƙarfen da ke kai da komo cikin hama) ke bugu wanda ake ɗaura sanda a jikinshi, ta karye an sa wata ita ma ta karye. Na ce da tafiya ta ragu me kuka yi? Ya ce makaniken farko ya murɗa ya ƙara ƙarfin bugu. Na ce sai ta gyaru? Ya ce ta ɗan yi dama-dama kwana kaɗan, daga nan ta fi da lalacewa.

Ga wanda bai saba da injin ba, aiki huɗu yake yi lokaci guda: bugu, juya sanda, tura hama gaba, da busa iska ta cikin sanda ta fitar da garin dutse daga rami. Fisto na buga ƙota sau 50 zuwa 60 cikin daƙiƙa ɗaya, bugun ya bi jikin sanda da gudun da ya haura mita 5,000 cikin daƙiƙa ya isa kan haƙori, wato ƙarfen da ke bakin sanda mai cin dutse, ya fasa dutse. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya saɓa da sauran, ƙarfin da dutse bai sha ba dawowa yake baya ya faɗa wa zaren da ke haɗa sanduna, ya faɗa wa ƙota, ya faɗa wa hamar kanta. Don haka in an ce hama ba ta da ƙarfi ba a fara da zargin famfo, awo ake yi.

Na ɗaura agogon awo bisa layin bugu, muka tada injin muka kafa bisa dutse. Ƙarfin mai ya hau har inda aka murɗa shi, sama da bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin mai ko gas), sai dai allurar agogon ba ta tsayawa wuri guda, karkarwa take sosai. Famfon da ya mutu ba ya kai ka nan, musamman da mai ya yi zafi ya tsinke, ƙasa zai yi ta yi. Na sa muka bar shi ya yi zafi muka sake aunawa, yana nan dai. Daga nan na san kuɗin famfo sun tsira, hankalina ya koma ga tukwanen gas.

A jikin hama akwai wasu ƴan tukwane na ƙarfe, cikin kowace akwai fatar roba da ta raba ta biyu, gefe guda mai gefe guda gas ɗin azot, wato nitrojin. Famfo yana turo mai ba yankewa, amma fisto ba ya shan mai daidai wa daida, lokacin da zai juya baya kusan ba ya sha, lokacin da zai sauko da bugu kuma yana son mai yawa farat ɗaya. To tukunyar ce ke karɓar rarar man ta matse gas, in lokacin bugu ya yi gas ɗin ya maido shi da ƙarfi. In fatar ta yage gas ya tsere, ba mai karɓar wannan hawa da saukar sai tiyo, shi ne rawar da direba ke gani, bugu kuma ya rage nauyi. Muka kashe injin muka sauke ƙarfin man da ya rage cikin layi, na ɗaura tiyon cika gas mai agogo bisa babbar tukunya, allura ba ta motsa ba ko kaɗan, da na kwance kuma mai ne ya ɗigo daga bakin da gas ya kamata ya fito. Ƙaramar ta gefen dawowar mai akwai sauran gas amma ya yi ƙasa.

Nan ne aka yi maganar da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Wani mai walda da ke wurin, da kyakkyawar niyya wallahi, ya ce ai ga kwalbar oksijin ɗinshi nan cike, a sa sabuwar fata a ɗura a ci gaba da aiki. Ƴan uwa don girman Allah kar wanda ya taɓa gwada wannan. Oksijin in ya haɗu da mai cikin matsi wuta yake kamawa da kanshi ba sai an kyasta ashana ba, tukunyar ta tashi ta zama bam a daidai fuskar mai cikawa. Iskar kwamfuresa ma ba a sa ta, don kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Azot kaɗai ake sawa saboda ba ya cin wuta, kuma ko kwalbar da aka kawo maka sai ka karanta rubutun jikinta, kar ka yarda da launin fenti, kwalabe na yawo hannu da hannu ana sake masu fenti. Na ce mashi malam na gode amma kwalbar nan a mayar da ita can nesa.

Alhaji ya so a canza fata nan take a kariyar. Na ƙi. Na ce Alhaji fatar da ta yage ba ita ce ciwon ba, alama ce, kuma hamar da ta yi makonni tana bugu ba gas an kuma ƙara mata ƙarfi, dole a ga cikinta. Sannan ba a buɗe hama a filin da ƙura ke tashi, tazarar da ke tsakanin fisto da gidanshi ba ta kai kaurin gashin kai ba, ƙurar dutsen nan kuwa tana karce ƙarfe. Muka kwance tiyoyi muka toshe bakin kowane da murfi, muka wanke bayanta, muka ɗora ta a mota zuwa garaji cikin Maradi.

Tun wajen kwancewa labari ya fara fitowa. Dogayen kusoshin gefe da ke haɗe sassan hama, ɗaya ya saki har ana juya notinshi ba wahala, fuskokin da sassan ke haɗuwa sun goge juna sun yi wani jan tsatsa mai laushi. In kusa guda ta saki hama karkacewa take kaɗan wadda ido ba ya gani, fisto ya riƙa tafiya a gicciye yana cin gefe guda. Haka muka tarar, doguwar karta a jikin fisto ɓangare ɗaya, goshinshi da ke buga ƙota ya ɓalgace a baki, ga wasu ƴan ƙananan ramuka a kafaɗarshi irin waɗanda kumfar mai ke yi in ƙarfin mai na hawa da sauka ba tukunyar da za ta daidaita shi. Zoben tagulla na gaba da ke riƙe ƙota ya buɗe, ka sa ƙota ka girgiza ka ji tana kaɗawa, haƙoran da ke juya ta sun cinye sun yi kaifi, kuma wurin a bushe yake ƙamas ya yi shuɗi don zafi. Wannan wurin ba man tanki ke shafa shi ba, akwai wani ɗan famfo daban da ke ɗiga mai cikin iska tana kai shi can. Da muka koma muka duba sai ga siririn tiyon ya tsinke a ƙarƙashin hama an naɗe shi da robar tayar babur, man na zuba ƙasa. Ka ga dalilin karyewar ƙota ke nan, ba wai ƙarfen ne ba shi da kyau ba yadda aka yi ta zargin mai sayarwa.

Sai mai. Na yanka tsohon filta na baje takardar a rana, tana ƙyalli da garin ƙarfe da tagulla, ga baƙin laka. Alamar da ke bisa gidan filta ta daɗe da shiga ja, ma'ana filta ta toshe mai na bi ta hanyar gefe ba tacewa. Hancin da tanki ke shaƙar iska ta cikinshi ya faɗi tun tuni an cusa tsumma, ka tuna duk ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ta nan ta bi. Man da ake ƙarawa kuwa daga tano ake tsiyayo shi cikin bidon da aka taɓa zuba gazuwal, a zuba da mazurarin da ke yashe ƙasa, kuma direba ya ce akwai ranar da na haidurolik ya ƙare aka cika da man injin don kar aiki ya tsaya. Radiyatan da ke sanyaya mai ya toshe da ƙura da mai sun zama kamar siminti, ba ka hango haske ta cikinshi. A watan Afrilu da Mayu da zafin Maradi ke wuce digiri 40 tun kafin a tada injin, mai ya wuce digiri 80 ba abin mamaki ba ne, a wannan zafin kuwa roba taurara take ta tsage, ko fatar tukunya ko sauran robobin da ke tare mai.

Da na jera abin sai ya fito sarai. Zafi da datti suka tsufar da roba, ba wanda ke auna gas har ya ragu, fata ta riƙa dukan gindin tukunya har ta yage, bugu ya ragu, aka ƙara ƙarfi maimakon a nemi dalili, girgiza ta ƙaru ta saki kusa ta tsinka tiyon man ƙota, daga nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Kowane mataki ya ba da alama, kuma direban ya ga alamun, ya ma faɗa, ba a dai saurare shi ba ne.

Wajen kayan gyara mun ɗan ja da Alhaji. Masu ƙera irin waɗannan hamomi sanannu ne, Epiroc da ya fita daga Atlas Copco a 2018, Sandvik, Montabert na Faransa, Furukawa na Japan, kuma kowanne na sayar da robobi da fatu a ƙunshi guda na gyaran gaba ɗaya. A nan Maradi ba ka samun su a kanti, sai an aiko daga Yamai ko an bi ta Katsina zuwa Kano, kuma tun rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 mutane suka saba da ɗaukar duk abin da suka samu. Akwai na kwaikwayo masu sauƙin kuɗi, ni ban ce duka ba su da kyau ba, ƙota da mahaɗin sanda na ga waɗanda suka yi aiki lafiya, amma fatar tukunya da fisto ba na caca da su. Alhaji ya ce a kai fiston wajen masu injin sassaƙa ƙarfe su share goshin su goge kartar. Na ce Alhaji taurin fisto a fatarshi ta waje yake, in aka share an cire taurin, in aka rage tsawonshi kuma wurin da zai riski ƙota ya canza, in aka goge jikin tazarar ta buɗe mai ya riƙa zurarewa ta ciki yana ƙara zafi, ranar da ya karye cikin gida kuwa sai an sayi gidan duka. Ya yi shiru ya yi lissafi ya ga kuɗin sabon fisto ko rabin kuɗin famfon da ya yi niyyar saya bai kai ba, ya ce a kawo sabo. Inda bai yarda ba shi ne tiyoyin bugu, na so a canza duka biyun don sun sha girgiza, ya ce ɗaya da ya cinye kawai. Na bar shi a haka amma na gaya mashi ra'ayina a gaban mutane.

Haɗawa ba ta da wani abin al'ajabi sai haƙuri da tsabta. An wanke kowane sashe an busa, an shafa ma robobi mai mai tsabta kafin a sa su, fuskokin da suka goge an daidaita su, kusoshin gefe sababbi gaba ɗaya don ba a haɗa tsohuwa da sabuwa, an ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan da kile mai awo, wato mai auna ƙarfin ɗauri, har adadin da littafin hamar ya faɗa, ba da bututu a ƙara ma kile tsawo mutum biyu su hau ba. Gas an cika shi sannu a hankali don kar ya fizgi sabuwar fata, babbar tukunya an bar ta ƙasa da ƙarfin da ake fara huda da shi da kamar bar 30 zuwa 40, ƙaramar kuma ɗan kaɗan yadda littafin ya ce. Yawan gas ma lahani ne, in ya fi ƙarfin mai fatar manne wa bakin tukunya take tana dukanshi.

A kariyar kuma kafin hama ta koma mun zubar da man duka, an shiga tanki an share shi da ƙyallen da ba ya zubar da zare, sabon hanci, sababbin filtoci, an wanke radiyata har haske na ratsa ta. Mai mun sa mai lamba 68, wanda ya fi kauri, maimakon 46 saboda zafin ƙasarmu, kuma ta famfon hannu mai filta aka ɗura shi, don sabon mai na cikin tano ma ba tsabtatacce ba ne yadda hama ke so. Mun haɗa tiyon zuwa da na dawowa baki da baki muka bar mai ya zagaya ba tare da hama ba ya kwashe sauran dattin layi, sannan aka ɗaura ta. An gyara tiyon man ƙota, na sa direba ya kara hannu a gaban hama ya ga danshin mai na fitowa, na ce kullum da safe wannan za ka fara dubawa ƙanena, in ka ga a bushe kar ka buga ko rami ɗaya.

Daidaita aiki ya ɗauke mu lokaci fiye da ɗaurawa. Mun maido ƙarfin bugu ƙasa, ana fara rami da ƙaramin bugu sai haƙori ya zauna sannan a buɗe. Turawa kuma aka bi ta da kunne da hannu, in ta yi kaɗan za ka ji mahaɗin sanda na ƙara yana zafi har ya yi hayaƙi don zaren ya saki, in ta yi yawa juyi ya riƙa ciccijewa sanda ta lanƙwasa rami ya karkace. Haƙoran da na tarar duk sun daƙushe, ƙwayoyin da ke bisa kansu masu cin dutse sun baje, ƙa'idar da aka sani ita ce in bajewar ta kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙwaya a wasa ta, haƙori daƙusasshe mayar da bugu yake cikin hama. Sai bugun banza, wato a bar hama na bugu alhali haƙori bai taɓa dutse ba, direbobi na yin shi don sassauta zare, a yi shi ɗan taƙaitacce in ya zama dole. Bayan aikin yinin farko aka sake bin kusoshin gefe da kile mai awo, sun ɗan karɓa, wannan daidai ne ga sabon haɗi.

Tafiya ta dawo yadda direban ya san ta, tiyo ya natsu, allurar agogo ta tsaya, mai na zama wajen digiri 60 ko da tsakar rana. Akwai abin da ban ji daɗinshi ba kuma ba na hama ba ne, injin tsotse ƙura na jikin motar ya daɗe ba ya aiki, yaran da ke canza sanda cikin farin gari suke yini da ƙyalle a hanci. Ƙurar wannan dutsen in ta taru cikin huhu ba ta fita kuma ba ta da magani, sai bayan shekaru mutum ya fara haki ba a san daga ina ba. Na matsa ma Alhaji a kan wannan fiye da yadda na matsa a kan tiyo, ya sa an gyara.

Saura wasu abubuwa da ba su gama warwarewa ba. Direba da yawan mitocin ramin da ya huda ake biyanshi, duk mintin da ya tsaya duba gas ko wasa haƙori daga aljihunshi ne, na ba da shawara a ware mashi wani abu na kula da injin daban, Alhaji ya ce zai duba, har yanzu dai yana dubawa. Na biyu agogon da ke ƙirga awowin bugu ya mutu tun kafin a sayo injin, alhali masu ƙera irin wannan hamar bayan kamar awa 400 na bugu suke cewa a buɗe ta a sabunta robobi da fatu, in ka lissafa bugu 50 a daƙiƙa wannan bugu miliyan 72 ke nan. Mun sa sabon agogo da ɗan littafi cikin motar ana rubuta awowi da awon gas duk mako. Famfon da aka so sayen sabonshi yana nan yana aiki, amma dattin da ya sha bai bar shi haka nan ba, da na auna man da ke zurarewa daga jikinshi ya ɗan fi yadda ya kamata, na gaya ma Alhaji a sake aunawa bayan damina, in ya ƙaru a sauke shi a gyara kafin zafi ya dawo. Tiyon nan na biyu kuwa ya fara tsattsafo da mai a bakin maɗauri, an aika a kawo sabo daga Kano.